Ciwon Baya da Gaɓoɓi a Aikin Dakon Tashar Jiragen Ruwa

Ciwon baya da gaɓoɓi na aikin dako lalura ce da ke kama tsoka da jijiya da guringuntsi saboda yawan ɗaga kaya da sunkuyo da juya jiki. Ta fi addabar kwankwaso, sai kafaɗa da wuya da gwiwa. Ba kasafai take faɗo wa mutum rana ɗaya ba. A hankali take taruwa, har wata safiya ɗan dako ya kasa miƙewa daga ruku'u sai ya dafa gwiwa.

Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai wasu faya-fayen guringuntsi masu tare nauyi. Idan mutum ya sunkuya da ƙafa a miƙe, ya ciccibi buhu nesa da ƙirjinsa, sannan ya juya, nauyin yakan tattaru a kan faya-fayen kwankwaso. Faifan da ya tsage ko ya bulluƙo yana iya danne jijiya, zafi ya gangaro daga ɗuwawu zuwa sha-raɓa, wani lokaci har ƙafa ta yi sanyi.

A Katar, alal misali, babbar tashar jiragen ruwa ita ce ta Hamad da ke Umm Al Houl a kudancin Doha, wadda aka buɗe a hukumance a Satumban 2017. Ƙugiyoyi ne ke sauke kwantena a can, amma injin bai kori ciwon ba, wuri kawai ya sauya masa. Direban ƙugiya yakan shafe awanni a sama yana leƙen ƙasa, wuya a karye. Masu ɗaure kwantena suna ɗaga sandunan ƙarfe sama da kai, direban motar lodi kuma girgiza ce ke cin bayansa. Daga tasha kaya ke wucewa zuwa sito-sito da kasuwanni irin ta kifi da ke Umm Salal a arewacin Doha, inda har yanzu hannu ke sauke akwatunan kifi da ƙanƙara. Zafi na ƙara gajiyar tsoka. Tun 2021 doka ta hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, tsakanin 1 ga Yuni da 15 ga Satumba.

Shawarar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1967 ta ce kada namiji baligi ya ɗauki abin da ya haura kilo 55. Ma'aunin NIOSH, hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka, ya tsaya a kilo 23. Buhun siminti kilo 50 ne, na masara a kasuwar Dawanau ta Kano kuwa yakan kai 100, kuma mutum ɗaya ke saɓa shi ya hau katako zuwa cikin tirela. Wannan nauyi ya wuce abin da ya kamata a ɗora wa ɗan Adam.

Abin da ya fi rage lalurar shi ne ƙananan buhuna, da baro, da kama kaya mutum biyu, da hutu tsakanin lodi. Inda ake biya bisa yawan buhu, da yawa sun gwammace su haɗiyi maganin kashe zafi su koma bakin mota. Ƙafar da ta fara mutuwa, ko fitsarin da ya ƙi riƙuwa, alama ce ta a tafi asibiti nan take.