Lalurar damuwa ga mai ciki da mai jego: alamominta, musabbabinta da hanyoyin magani

A ƙauyukan Bunkure da Kura, kamar sauran ƙasar Hausa, mai jego na samun kulawar da ba kowace al'umma ke da irinta ba. Ana dafa mata ruwan wanka safe da yamma, a dama mata kunu, a ɗauke mata girki har ta yi arba'in. Duk wannan tanadi na jiki ne. Abin da ke cikin zuciyarta kuwa ba a cika tambaya ba, ita ma kunya da haƙuri kan hana ta faɗa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 10 cikin 100 na masu ciki da kashi 13 na waɗanda suka haihu a duniya na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. A ƙasashe masu tasowa adadin ya kai kashi 15.6 lokacin goyon ciki da kashi 19.8 bayan haihuwa, wato kusan mace ɗaya cikin biyar.

Nau'o'in lalurar

Na farko shi ne sauyin yanayi na ɗan lokaci. Yakan fara kwana biyu zuwa uku bayan haihuwa: kuka ba dalili, saurin fushi, rauni a zuciya. Yana samun mata da yawa, kuma yakan wuce da kansa kafin mako biyu.

Na biyu shi ne ciwon damuwa, wanda kan fara tun da ciki ko a kowane lokaci cikin shekarar farko bayan haihuwa. Alamominsa sun haɗa da baƙin ciki kusan kullum, rashin jin daɗin komai, kasa barci ko da jariri na barci, ƙin abinci, yawan zargin kai da jin cewa ba ta isa uwa ba. Sau da yawa yana zuwa tare da fargaba mai tsanani, inda uwa ke ta duba numfashin jaririnta cikin dare. Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi shi ne lokaci: idan alamomin sun wuce mako biyu, ba na jira ba ne.

Na uku shi ne rikicewar tunani, wadda ke samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000 da suka haihu, yawanci a makonni biyu na farko. Mai jego kan kwana ba barci, ta yi sambatu, ta ji muryoyi, ko ta yi imani cewa an musanya mata jariri. Wannan lalurar gaggawa ce, ana kai ta asibiti a ranar, kuma ba a barin ta ita kaɗai da jariri.

Abin da ke jawo ta

Bayan fitar mabiyiya, sinadaran jikin mace da suka hau lokacin ciki kan sauka cikin ƴan kwanaki. Rashin barci da zubar jini na ƙara nauyi a kan haka. Haɗarin ya fi yawa ga wadda ta taɓa yin lalurar ko take da ita a dangi, wadda ta yi doguwar naƙuda ko ta rasa jariri, mai ƙarancin shekaru, da wadda ke zaune cikin talauci, duka ko rashin jituwa a gidan miji.

Yanayin yankin ma yana da tasa rawar. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwanta ke ban ƙasar Kura, Bunkure da Garun Malam, inda ake noman shinkafa, alkama, tumatir da albasa rani da damina. Maigida yakan wuni a gona a lokacin da manomin wani wuri ke hutawa, mata kuma na kan turara shinkafa da shanya ta. Ruwan da ke kwance a magudanai na raya sauro, zazzaɓin cizon sauro kuma na jawo ƙarancin jini ga mai ciki, wanda kasalarsa ke kama da ta damuwa.

Abin da ke ɓoye ta

A al'ada, uwa na kawaici ga ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ɗokinsa a gaban manya. Saboda haka wadda damuwa ta raba da jaririnta na iya wucewa a matsayin mai kunya. Bambancin yana bayyana idan tana ita kaɗai da shi. Mai kunya takan shayar da shi ta yi masa wasa a ɗaka, mai damuwa kuwa takan ji babu komai a ranta, kuma hakan na ƙara mata zargin kai.

Idan lamarin ya kai ga sambatu, akan ce iska ce ko sammu. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, amma jinkirin makonni na iya jawo asarar rai. Akwai kuma cututtukan jiki da ake rikita su da damuwa. Ciwon zuciyar masu jego, wanda likitoci suka yi nazarinsa sosai a Zariya a shekarun 1970, yana zuwa da gajiya, haki da kumburin ƙafa. Jijjiga kuwa takan zo da ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani. Shi ya sa ake fara auna jini da hawan jini kafin a yanke hukunci.

Ganowa da magani

Hanyar tantancewa da ta fi yaɗuwa ita ce tambayoyi 10 na Edinbara, waɗanda John Cox da abokan aikinsa suka wallafa a 1987. Ma'aikaciyar jinya na iya yin su cikin minti biyar a wurin awon ciki ko ranar rigakafin jariri.

Damuwa mai sauƙi kan warke da tattaunawa mai tsari da tallafin iyali. Wani bincike da aka wallafa a 2008 daga ƙauyukan Rawalpindi a Pakistan ya nuna cewa ma'aikatan lafiya mata na unguwa, bayan ɗan horo, sun rage ciwon sosai a tsakanin masu jego. Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin littafin jagora a 2015. Idan ciwon ya yi tsanani, akwai magungunan da likita kan rubuta waɗanda ba sa hana shayarwa. Mai ciki da ke shan maganin ƙwaƙwalwa tun da farko kada ta daina sai da shawarar likita.

Mazauna Bunkure na iya farawa da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ko manyan asibitocin Kura da Rano. Daga nan ake turawa asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tabbatar wa masu lalurar haƙƙin kulawa cikin mutunci.

Nauyin iyali

Kwana arba'in na jego su ne lokacin da aka fi ganin mace a kusa. Uwa, suruka ko ungozoma da ke yi mata wanka ita ce ta farko da za ta lura da canji. Abin da ake buƙata daga gare su shi ne su tambaye ta yadda take ji a ranta, su saurara ba tare da faɗa ba, su karɓi jariri ta samu barcin awa huɗu zuwa biyar a jere. Maigida kuma shi ne mai ba da izinin fita da kuɗin mota. Idan ta ambaci kashe kanta ko cutar da jaririnta, ko sau ɗaya ne, a kai ta asibiti a ranar.