Jar Fitilar da Ke Gadi da Ƙarya

Da daddare, a cikin motar da aka ajiye, akan ga wata 'yar jar fitila tana ƙyaftawa. Ɓarawo yana ganinta sai ya ɗauka akwai ƙararrawa. Sau da yawa babu komai a bayanta sai batir da 'yan wayoyi.

Ƙirƙira biyu ne suka haifi wannan dabara. A 1962, Nick Holonyak na kamfanin General Electric a Amurka ya samar da fitilar LED mai ba da jan haske, wadda ba ta cin wuta sosai. A 1971 kuma, Hans Camenzind, injiniya haifaffen Suwizalan, ya tsara wa kamfanin Signetics wata ƙwayar lantarki mai ƙafa takwas da ake kira 555, ta shiga kasuwa a 1972. Aikinta auna lokaci. Idan aka haɗa ta da resisto biyu da kafasita ɗaya, kafasitar takan cika da wuta ta sauke, ta sake cika, fitila kuma ta riƙa kunnuwa tana mutuwa daidai da wannan juyi. Da yake hasken ɗan walƙiya ne kawai, batir yakan daɗe, musamman da aka fito da nau'in ƙwayar mai ƙarancin cin wuta.

Da ƙararrawar mota ta yaɗu a shekarun 1980, masu ƙera ta suka sa mata irin wannan fitila don gargaɗi. Masu ƙaramin ƙarfi kuwa sai suka sayi fitilar, suka bar ƙararrawar. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: wanda ya biya na gaske shi ya shuka tsoron, mai na bogi yana girbe.

A nan raunin dabarar yake. Kamar mutum-mutumin gona, tana aiki ne muddin tsuntsu bai gwada sauka ba. Ko ta yi nasara, ba ta hana sata, sai dai ta tura ɓarawo ga motar maƙwabci. A 1998, masana biyu, Ian Ayres da Steven Levitt, sun nazarci LoJack, na'urar bin sawu da ake ɓoyewa a mota, suka gano cewa tana rage sata har ga waɗanda ba su saka ta ba, domin ɓarawo bai san wace mota ke ɗauke da ita ba. Fitilar bogi tana kare mai ita kaɗai, na'urar da ba a gani kuwa tana kare unguwa.