Ƙyauren Zaure da Ƙofar Gareji

A ƙasar Gusau, Tsafe da Bunguɗu, hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, iska ta riga ruwa isowa. Maginan dā sun san haka. Shi ya sa suka fi son zaure ya dubi yamma, ƙofarsa ƙarama, ƙyaurensa na katako mai kauri wanda maƙera suka ɗaure da ƙarfe, a kuma tokare shi daga ciki da dare.

Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, shi ya sauƙaƙa shigowar kwanon rufi da siminti. Mota ta biyo baya, ta nemi ƙofa mai faɗin mita uku. Bayan Gusau ta zama babban birnin Jihar Zamfara a 1996, irin waɗannan ƙofofi suka yawaita, galibi falle ɗaya na ƙarfe, suna duban duk inda titi yake.

Haɗarin ya wuce asarar ƙofa. Idan ta ɓalle, iska ta cika ɗakin, ta tura rufi daga ƙasa alhali ta waje tana zuƙarsa daga sama. Haka gidaje da dama suka rasa rufinsu a Fulorida ta Amurka lokacin guguwar Andrew a 1992, har aka tsaurara dokar gini.

Gyaran ba shi da tsada: mai walda ya gicciya ƙarafa a bayan ƙofar, ya ƙara sakata mai nutsewa cikin daɓe da wata a sama, a kafe firam cikin ginshiƙin kankare, ba cikin bulo mai rami ba. A yi shi kafin Mayu.