Kuɗin Jabu a Ƙasar Haɗejiya

Kafin Turawa su ci Haɗejiya cikin 1906, da wuri ake ciniki, shi kuwa wuri ba mai iya ƙera shi. Cikin 1913 aka kawo sule da fataka na azurfa. Da azurfa ta yi tsada, cikin 1920 aka musanya su da na tagulla. Nan fa mugaye suka sami ƙofa, suka dinga zuba nasu a ɓoye. An ce daga sunan Ijebu, ta ƙasar Yarabawa, kalmar jabu ta fito.

Talaka shi ya sha wuyar abin. Masunci ya wuni cikin ruwa, ya sayar da kifinsa, ran biyan haraji a ce sulensa na banza ne. Saboda haka mutane suka koyi buga kuɗi bisa dutse su saurari amonsa. Cikin 1938 Gwamnati ta fito da sabon sule mai tsagi a gefe, mai wuyar kwaikwaya.

Yau an daina karɓar waɗannan kuɗi, sai masu tara kayan tarihi ke sayensu, su ma ana cutarsu da jabu. Wanda zai saya, ya duba gefe tukuna.