Gudummawar 'Yan Sa-kai na Coci wajen Waliccin Baligai Masu Raunin Fahimta a Jamus

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda 'yan sa-kai na ƙungiyoyin coci ke tsaya wa baligai masu raunin fahimta a gaban doka a Jamus. Ta dogara da dokokin 1992 da 2023, ta kuma nuna cewa amfanin ɗan sa-kai yana ga lokacin da yake bayarwa don sanin abin da mutumin ke so.

Tushen Doka

Kafin 1992, kotu kan tuɓe wa irin waɗannan mutane ikon kansu, ta mayar da su tamkar ƙananan yara. Dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1992 ta soke wannan. Yanzu kotu tana naɗa waliyyi a kan fannin da ake da buƙata kaɗai, kamar lafiya, kuɗi ko muhalli, kuma dole ta sake duba naɗin kafin shekara bakwai su wuce. Mutane fiye da miliyan ɗaya ke ƙarƙashin tsarin. Gyaran 2023, wanda ya bi sashe na 12 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu, ya ɗora muradin mutumin a gaba da ra'ayin waliyyinsa.

Aikin Ƙungiyoyin Coci

Caritas ta Katolika, wadda aka kafa a 1897, da Diakonie ta Furotesta suna da ƙungiyoyin walicci a garuruwa da dama. Haka ma ƙungiyar matan Katolika da Agnes Neuhaus ta assasa a Dortmund. Su ke nemo 'yan sa-kai, su horar da su, su ba su shawara idan al'amari ya cije.

Aikin yana buƙatar haƙuri. Waliyyi kan zauna da mutumin, ya karanta masa takardar hukuma da sassauƙan harshe, ya raka shi wurin likita, ya jira har ya faɗi ra'ayinsa kafin a sa hannu kan tiyata ko sauya gida. Wanda ba ya iya magana, sai a lura da fuskarsa da abin da ya saba so. Duk shekara waliyyi yana miƙa wa kotu rahoto, da lissafin kuɗi idan dukiya na hannunsa.

Ƙalubale

Waliyyi ɗan sa-kai da ba dangi ba ana sa ran ya ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiyar walicci. Takardu sun yi yawa, alawus kuwa Yuro 425 ne a shekara lokacin da gyaran 2023 ya fara aiki. Akwai kuma haɗarin tausayi ya rikiɗe ya zama danniya, waliyyi ya riƙa yanke hukunci da sunan kariya.

Kammalawa

Kyakkyawar niyya ba ta wadatar ba sai da horo da sa idon kotu. Ɗorewar tsarin ta rataya ga samar wa ƙungiyoyin isassun kuɗi da ma'aikatan da za su dafa wa 'yan sa-kai.