Linzamin Kwamfuta: Daga Akwatin Katako Zuwa Zauren JAMB

A shekarar 2015 hukumar JAMB ta yi ban kwana da takarda da fensir, ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu kacokan kan kwamfuta. Ɗalibin Musawa ko na ƙauyukan Malumfashi da Funtua, wanda hannunsa ya fi sabawa da fartanya da alƙalami, sai ya tarar da wata jarrabawar kafin jarrabawa: ƙaramar kibiyar da ke yawo a allo, wadda in ya nufi amsar B da ita sai ta zarce C.

Matsalar ta girmi JAMB. A 1964, a cibiyar bincike ta Stanford da ke Amurka, Bill English ya ƙera linzamin kwamfuta na farko bisa tunanin Douglas Engelbart. Akwatin katako ne mai ƙafafu biyu na ƙarfe, ɗaya na auna motsin gaba da baya, ɗaya na gefe. Daga baya ƙwallo ya maye gurbin ƙafafun, amma yana kwasar ƙura har kibiya ta riƙa tsalle. Sai a 1999 linzami mai aiki da haske, irin IntelliMouse Explorer na Microsoft, ya fara yaɗuwa a kasuwa.

Gyaran na'ura bai kashe bakin zaren ba. Tun 1954 masani Paul Fitts ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya dace da abu ya danganta da nisan abin da kuma ƙanƙantarsa. Domin rage wannan wahala, masu manhaja suka sa kibiya ta riƙa ƙara gudu idan hannu ya yi sauri, ta lafa idan ya yi sanyi. Windows XP na 2001 ya zo da wannan zaɓi a kunne. Ga gwani, taimako ne. Amma sabon hannu yakan rikice, domin motsi iri ɗaya ba ya kai kibiya wuri ɗaya sau biyu.

A 2017, ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, JAMB ta samar da hanyar amsa tambayoyi ba tare da linzamin ba. Ta fito da tsarin maɓallai takwas: A, B, C da D domin amsa, N domin gaba, P domin baya, S domin miƙa aiki, R domin fasa miƙawa.

Wannan ya share hawayen ɗalibi a zauren jarrabawa, amma linzamin na jiransa a jami'a da ofis. Don haka masu cibiyoyin koyar da kwamfuta suna da aiki mai sauƙi: su ajiye ma'aunin gudun kibiya a tsakiya, wato mataki na 6 cikin 11 a tsohon ma'aunin Windows, su kashe ƙarin gudun, su ɗora linzamin kan shimfiɗa marar sheƙi. Daga nan sai a bar hannun yaro ya saba.