Matan Zariya 22,774 da Likitan da Ya Ƙirga Su



Duk shekara idan ranar kafa ƙungiyarmu ta zagayo, mukan ware shafi guda mu tuna da waɗanda muka ci moriyar wahalarsu. Bana kwamiti ya ce a waiwayi masu binciken lafiya. Da muka zauna tattaunawa sai hira ta karkata ga haihuwa, don babu ko ɗaya a cikinmu da ba ta da wadda ta rasu a kan gwiwa: uwa, ko ya, ko kishiya, ko ƙawar da ake zubin adashe da ita. Allah Ya jiƙansu. Shi ya sa muka zaɓi labarin wani bincike da aka yi a Zariya, a kan iyayenmu.

A shekarar 1972 wani likitan mata, Farfesa Kelsey Harrison, ya kama aiki a Jami'ar Ahmadu Bello. Mutumin Abonnema ne, can Jihar Ribas. A lokacin asibitin koyarwa na jami'ar yana Tudun Wada, ba a koma Shika ba tukuna. Abin da ya tarar a ɗakin haihuwa ba baƙo ba ne ga manyanmu: a kawo mace daga ƙauye bayan ta kwana biyu ko uku tana naƙuda, ko jini ya ɓalle mata, ko jijjiga ta kama ta, a iso lokacin da abu ya riga ya yi nisa. Kowa ya san ana mutuwa. Amma mata nawa? Su wane ne? Me ya bambanta wadda ta tashi da wadda ba ta tashi ba? Babu mai lissafi a hannu.

To shi sai ya ce a ƙirga. Daga 1976 zuwa 1979, duk haihuwar da aka karɓa a asibitin an rubuta ta, ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake: shekarun uwa, tsawonta, haihuwa ta nawa ce, ta yi awon ciki ko ba ta yi ba, ta yi makaranta ko a'a, yadda ta ƙare da ita da jaririn. Aka tara haihuwa 22,774. Duk wadda ta taɓa riƙe littafin kuɗin ƙungiya na wata guda ta san abin da wannan ke nufi. Mu da muke rikicewa a kan zubin mutum arba'in! Su kuwa sama da shekara uku suna yi, dare da rana, ga mai naƙuda tana jira.

A 1985 aka buga sakamakon a wata mujallar likitocin mata ta Ingila. Mata sama da 200 ne suka rasu a cikin waɗannan haihuwa, wato kusan mace ɗaya a kowace ɗari. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, tara cikin goma na mamatan ba su taɓa zuwa awo ba, sai da ta ɓaci aka kawo su. Waɗanda suka yanki kati suna zuwa awo, kaɗan ne ƙwarai suka rasu, alhali su ne suka fi yawa. Lissafin ya kuma nuna haɗari ya fi tsanani ga yarinyar da ta yi ciki jikinta bai gama ginuwa ba, da uwar da ta yi haihuwa da yawa ta gaji. Mace mai ilimin makaranta kuwa, da wuya a same ta cikin mamatan. Harrison ya riƙe wannan magana tsawon aikinsa, cewa a sa 'ya'ya mata makaranta, nan maganin yake. Wasu ba su ji daɗinta ba a lokacin, wasu har yau. Mu dai mun ga abin da karatun 'ya'yanmu ya yi mana, ko a rubutun littafin ƙungiya.

Akwai wani abin mamaki da suka gano. Ƙananan 'yan mata masu cikin fari da aka riƙa ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini, da dama sun ƙara tsawo suna ɗauke da cikin. Kun ga ashe ƙwayoyin nan da ake ba mu wurin awo, wasu su cusa ƙarƙashin katifa wai suna sa jariri ƙiba, ba banza ake bayarwa ba.

Shekara biyu bayan fitowar binciken, a 1987, aka yi babban taro a Nairobi ta ƙasar Kenya, inda Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka ƙaddamar da shirin kare rayukan mata masu haihuwa. Lissafin Zariya na cikin hujjojin da suka farkar da duniya kan wannan masifa.

Ba shi kaɗai ba ne. A Zariyar dai, cikin shekarun 1970, Farfesa Eldryd Parry da abokan aikinsa sun bi diddigin ciwon zuciyar da ke kama masu jego, mace ta kumbura numfashi ya gagare ta, suka danganta yawansa da kunun kanwa mai yawa da zafin wankan jego. Mun san wannan magana tana jawo musu da kakanni, to amma a rage kanwar. A Katsina kuma, likitan nan ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta a Babbar Ruga, ya ga matan da doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari, ya koma yi musu tiyata tun cikin shekarun 1980. Ya ɗinke dubbai, ya koyar da likitocinmu, ya kuma nuna cewa idan aka sa wa mace robar fitsari da wuri, wata takan warke ba tare da an yi mata aiki ba.

Ba mu ce duk wanda ya zo da sunan bincike mutumin kirki ne ba. Gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ya bar tabon da har yau yake sa mutane ɗari-ɗari, kuma suna da gaskiyarsu. Wanda zai yi bincike a kanmu, ya faɗa mana abin da zai yi, ya nemi yardarmu da harshen da muke ji.

Sunan Farfesa Harrison yana kan littafin, kuma ya cancanta. Amma akwai ungozomomi da nas-nas da suka cika takardun nan cikin dare, sunayensu ba su zo kunnenmu ba. Akwai kuma matan su kansu, waɗanda suka tashi da waɗanda aka fitar a makara. Ranar biki, bayan addu'ar buɗewa, za mu yi musu tasu addu'ar. Duk wadda ta haihu a asibitin Tudun Wada tsakanin 1976 da 1979, ko aka haife ta a can a waɗannan shekaru, ta sanar da sakatariya kafin ranar, don mun tanadar musu kujerun gaba. Ma'aji kuma za ta karanta abin da ya rage a asusun motar haihuwa, a zo da shirin ƙari.